Kay Nielsen, Mai Zanen Tatsuniyoyi (1886–1957)

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tatsuniyoyi mai hotuna ya san cewa a kan hoto ido yake fara sauka kafin ya kai ga rubutu. Amma ba safai mai karatu kan tambayi wanda ya zana hoton ba, balle ya tambayi abin da aka biya shi, ko yadda ya ƙare. Manazarta adabi su ma galibi marubuci suke bi, su bar mai zane a baya. Wannan maƙala ta shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane ne, watau Kay Nielsen, mutumin ƙasar Danmak, wanda ya yi suna a Landan yana ɗan shekara ashirin da bakwai, ya kuma rasu a Amurka cikin talauci yana da shekara saba'in da ɗaya. Labaran da ya yi wa zane ba baƙi ba ne ga ɗaliban Hausa, domin daga rumbunan da ya yi aiki a kansu, watau tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Grimm, da na Andersen, da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce ya sa musu rigar Hausa.

Mai irin wannan sana'a ɗan jinga ne. Ba ya zana abin da ya ga dama ya kai kasuwa, sai dai wani mai kuɗi ya kira shi ya ba shi aiki, ya yanka masa lada, ya sa masa rana. Saboda haka tarihin Nielsen tarihin iyayen gidansa ne: kamfanin ɗab'i, da gidan wasan kwaikwayo, da kamfanin fim, daga ƙarshe kuma makarantu da coci.

Asalinsa da Karatunsa

An haife shi a birnin Kofanhegan ran 12 ga Maris, 1886. Sunansa na fari kuwa Kai ake furta shi a harshensu. Gidansu gidan wasan kwaikwayo ne gaba da baya. Ubansa, Martinius Nielsen, shi ne shugaban gidan wasa na Dagmar, uwarsa Oda Nielsen kuwa tana cikin shahararrun 'yan wasa da mawaƙa na ƙasar a zamaninta. Manyan marubuta da masana kiɗa na ƙasashen arewacin Turai, irin su Ibsen da Grieg, sukan ziyarci gidan. Yaron ya tashi yana ganin yadda ake kafa dandamali, da yadda ake rataya labule, da yadda ake tsayar da ɗan wasa a inda haske zai same shi. Wannan tarbiyya ba ta rabu da shi ba har ya mutu. Wanda ya dubi zanensa da kyau zai ga kusan kowane hoto dandamali ne: ga fili a gaba, ga labule ko itatuwa a gefe, ga mutum ɗaya ko biyu an tsayar da su kamar ana jiran su fara magana.

A 1904 ya tafi Faris koyon zane, ya yi karatu a makarantun Julian da Colarossi, ya zauna a can har 1911. Abin da ya ɗauko daga Faris bai tsaya ga darasin aji ba. Ya shaƙu da aikin Aubrey Beardsley, Baturen Ingila mai zane da baƙar tawada, wanda ya mutu yana matashi a 1898, ya kuma shaƙu da hotunan Japan waɗanda ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. Daga Beardsley ya koyi jan layi siriri mai kaifi. Daga mutanen Japan ya koyi barin fili fayau a cikin hoto, da ture abin da ake son a gani zuwa gefe guda maimakon a dasa shi a tsakiya.

Shekarun Landan

Lokacin da ya sauka Landan a 1911 ya tarar da wata kasuwa tana ci. Ga yadda take. A farkon ƙarni na 20 masu ɗab'i sun gano hanyar ɗaukar hoton zane da kyamara, su rarrabe launukansa zuwa uku ko huɗu, su buga su ɗaya bisa ɗaya, har hoton ya fito kusan daidai da yadda mai zane ya yi shi. Sai dai wannan bugu yana bukatar takarda mai santsi ta musamman, don haka akan buga hotunan daban, sa'an nan a bi su ɗaya-ɗaya a manna da hannu a cikin littafin, a rufe kowanne da 'yar takarda shara-shara. Aiki ne mai cin kuɗi. Daga nan aka sami littattafan kyauta, waɗanda ake fitarwa gab da Kirsimeti domin masu hali su saya su bai wa 'yan'uwa da abokai. Akan yi bugu iri biyu: na gama-gari mai bangon ƙyalle, da na alfarma mai bangon fata, wanda ake buga 'yan ɗaruruwa kawai, mai zane ya sa hannu a kan kowanne. Bayan haka kuma sai a baje ainihin zanen a ɗakin nuni a sayar. Ta haka mai zane yake ci sau biyu daga aiki ɗaya. Arthur Rackham da Edmund Dulac su ne ke riƙe da wannan kasuwa kafin zuwan Nielsen.

A 1912 ya nuna zanensa na baƙar tawada a ɗakin nuni na Dowdeswell, cikinsu har da wani jeri a kan mutuwa wanda ba a taɓa buga shi littafi ba. Wannan nuni ya jawo hankalin kamfanin Hodder and Stoughton, suka ba shi aikinsa na fari, watau In Powder and Crinoline, tarin tatsuniyoyin da Arthur Quiller-Couch ya sake tsarawa. Littafin ya fito a 1913 da hotuna masu launi 24. Sunan littafin yana nuni ne ga adon fadawan Turai na dā, masu barbaɗa hoda a gashi da sa manyan fatari masu baza, kuma a cikin irin wannan ado Nielsen ya fito da 'ya'yan sarki goma sha biyu masu raye-raye da sauran mutanen littafin.

Shekara guda bayan haka, a 1914, ya fitar da aikin da har yau da shi aka fi saninsa, East of the Sun and West of the Moon, watau gabas da rana, yamma da wata. Tatsuniyoyi 15 ne na ƙasar Norwe daga cikin waɗanda Asbjørnsen da Moe suka tattara daga bakin mutanen karkara a ƙarni na 19, ya yi musu hotuna masu launi 25. A nan ya bar fada da hoda ya koma ƙasar sanyi, inda ya fi sani. Tatsuniyar da aka sa wa littafin sunanta labarin wata 'yar talaka ce da aka bai wa wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, wadda ake kira beyar, ashe ɗan sarki ne aka yi wa sihiri. Yarinyar ta karya sharaɗin da aka gindaya mata, ta haska fitila ta dubi fuskarsa da dare, sai ya ɓace mata, ta shiga duniya nemansa har iskoki huɗu suka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan. Nielsen ya zana ta a bayan dabbar, 'yar ƙarama, su biyu kaɗai a fili. Ya zana ta durƙushe a tsakiyar daji, itatuwa dogaye miƙaƙƙu sun kewaye ta kamar ginshiƙai. Ya zana Iskar Arewa ƙato yana keta teku. Mutanensa duk dogaye ne sirara fiye da yadda Allah ya halicci ɗan Adam, fuskokinsu ba sa nuna fushi ko murna sosai, tufafinsu kuwa cike da ado ƙanana-ƙanana kamar aikin ɗinkin hula. Abin da ke ba da tsoro ko tausayi a hotunan ba daga fuska yake fitowa ba, daga girman filin da ya bari ne da ƙanƙantar mutumin da ke cikinsa.

Ana iya yi masa suka a nan, kuma an yi. Hotunansa ba su da ɗumi irin na Rackham, ba su da raha, yaro ƙarami ba lalle ya so su ba. Amma ai ba don yara aka yi littafin ba, don iyayensu masu kuɗi aka yi shi, kuma tatsuniyoyin Norwe ɗin su kansu ba su da taushi.

Sai dai littafin ya fito a mummunan lokaci. A watan Agusta na wannan shekara Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Takarda ta yi tsada, ma'aikatan maɗaba'a suka tafi fagen daga, masu sayen littafin alfarma suka sami abin da ya fi damunsu. Rackham da Dulac sun riga sun ci shekaru kusan goma na kasuwar. Nielsen littafi biyu kawai ya samu kafin ta fara watsewa.

Dandamali da Dare Dubu da Ɗaya

Bayan ya je Niyok a 1917 inda aka nuna zanensa, sai ya koma gida Kofanhegan, ya koma sana'ar gidansu. Abokinsa Johannes Poulsen, ɗan wasa kuma mai shirya wasanni a Gidan Wasa na Sarki, ya ɗauke shi tsara dandamali da tufafin 'yan wasa. Babban aikinsu shi ne wasan Aladdin na Adam Oehlenschläger, wanda aka nuna a 1919, wasa mai tsawon da sai da aka raba shi dare biyu. Carl Nielsen ne ya tsara kiɗan, kuma ba danginsa ba ne, suna ne ya zo ɗaya. An ƙawata dandamalin ƙwarai, har Poulsen ya shimfiɗa shi a kan ramin da makaɗa ke zama, ya kuma datse kiɗan, abin da ya sa Carl Nielsen ya nemi a cire sunansa daga takardar sanarwa. Daga baya Kay Nielsen ya yi wa Poulsen irin wannan aiki a wasan Scaramouche, wanda Sibelius ya yi wa kiɗa, a 1922.

A cikin waɗannan shekaru ne ya yi aikin da mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar gwanintarsa. Arthur Christensen, masanin harsunan Farisa a Jami'ar Kofanhegan, yana fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa harshen Danmak, aka nemi Nielsen ya yi hotunan. Ya yi guda 21. Domin wannan aiki ya sake hannu gaba ɗaya. Ya ajiye fari da shuɗin ƙanƙara, ya ɗauki ja da baƙi da ruwan zinariya, ya bi tsarin ƙananan hotunan da ake yi wa littattafan Farisa na dā, inda ake kewaye hoto da gefe mai ado, ba a kuma damu da nuna nisa da kusa yadda Turawa suka saba ba. Ya zana Sarki Shahriyar, da Shaharzad tana ba da labari da ƙanwarta a gefe, da aljannu, da masoya. Bai tausasa labarin don yara ba: cin amana da kisa da suka buɗe littafin suna nan a hotunan.

Ba a buga littafin ba. Bayan yaƙi kuɗin buga irin waɗannan hotuna, musamman da zinariyar da ke cikinsu, ya fi ƙarfin masu ɗab'in. An nemi wasu kamfanoni a wasu ƙasashe, abin bai yiwu ba. Hotunan suka koma hannun mai su, ya yi ta yawo da su har ƙarshen ransa. Wannan ita ce babbar hasarar ɗan jinga: aikin da ya ci masa shekaru ba shi da wata hanyar isa ga jama'a sai ta hannun wanda ya ba da shi, in wannan ya janye, shi ke nan.

Kasuwar littafin kyauta ta ɗan farfaɗo a tsakiyar shekarun 1920. Hodder and Stoughton suka fitar da tatsuniyoyin Andersen da hotunansa a 1924, da na Grimm mai suna Hansel and Gretel a 1925, kowanne da hotuna masu launi 12, watau rabin abin da ake ba shi kafin yaƙi. Ya auri Ulla Pless-Schmidt a 1926. Littafinsa na ƙarshe, Red Magic, ya fito a 1930 da hotuna masu launi 8 kawai, bai kuwa yi kasuwa ba. Lissafin kansa ya isa labari: 25, sa'an nan 12, sa'an nan 8. Yana ɗan shekara arba'in da huɗu aikin littafi ya ƙare masa.

Kamfanin Disney

A 1936 Poulsen ya sami gayyata zuwa Kalifoniya domin ya shirya wasan Everyman a babban filin wasa na Hollywood Bowl, ya tafi da Nielsen. Da aka gama Poulsen ya koma gida, inda ya rasu a 1938, Nielsen kuwa ya zauna. Kafin shekarun 1930 su ƙare ya sami aiki a kamfanin Walt Disney, mai yin fim ɗin zane mai motsi.

Aikin da aka ba shi shi ne ya zana yadda fage zai kasance, da launinsa da yanayinsa, sa'an nan wasu ma'aikata su ɗauka su mai da shi dubban hotunan da ke motsi. A fim ɗin Fantasia na 1940, wanda aka gina a kan kaɗe-kaɗen Turai, shi ya tsara kashi na ƙarshe. Kashin ya fara da kiɗan Mussorgsky: dare ya yi, ƙololuwar wani dutse ta buɗe ta zama ƙaton shaiɗani mai fukafukai, inuwar hannuwansa ta malala a kan ƙauyen da ke barci, fatalwowi suka taso daga kaburbura suna rawa a tafin hannunsa. Vladimir Tytla ne ya ba wannan dodo motsi, amma siffar wurin da duhunsa na Nielsen ne. Da ƙararrawar asuba ta kaɗa sai kiɗan ya juya zuwa na Schubert, aka ga jerin masu ibada riƙe da fitilu suna ratsa daji. Dogayen itatuwan nan miƙaƙƙu na littafin 1914 su ne suka sake fitowa a nan. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun ga wannan fage.

Duk da haka zamansa a kamfanin bai yi daɗi ba. Mutum ne da ya haura hamsin, ya saba zama shi kaɗai ya yi makonni a kan hoto guda, ga shi a ma'aikatar da ake son zane da yawa cikin hanzari, wadda kuma kowane zane sai ya bi ta hannun mutane da dama. Ya yi zane-zane domin wani fim da aka yi niyya a kan tatsuniyar Andersen ta 'yar ruwa, aka ajiye shirin. Fantasia bai mai da kuɗinsa ba a fitowarsa ta fari, yaƙi na biyu kuma ya rufe kasuwannin Turai. A watan Mayu na 1941 aka sallame shi. An sake kiransa na ɗan lokaci a farkon shekarun 1950 domin fim ɗin Sleeping Beauty, daga nan bai ƙara komawa ba.

Zanen Bango

Abin da ya rage masa shi ne taimakon mutanen kirki. Wata mata mai suna Jasmine Britton, mai kula da ɗakunan karatu na makarantun Los Anjalas, ta san littattafansa tun dā, ta yi mamakin samun mai su a garin ba shi da aiki. Ita ta nemo masa aikin zanen bango a makarantar Central Junior High. Ya zana The First Spring, watau bazarar fari, hoton farkon halitta da dabbobi da tsirrai, ƙato mai cin bango guda. Bai daɗe a rataye ba hukumar ilimi ta karɓe ginin ta mai da shi ofisoshi, aka sauke zanen. Sai da aka yi ta ƙorafi sa'an nan aka mai da shi wata makarantar, Sutter Junior High, shi kuma ya sake ɓata lokaci mai tsawo wajen gyara shi. Ya yi wani zanen a makarantar Emerson, da wani a ɗakin ibada na Wong a cocin First Congregational, a kan Zabura ta 23, da kuma wani a Kwalejin Whitman da ke jihar Washinton.

Tsakanin wannan aiki da wancan akan yi shekaru babu komai. Shi da Ulla har kiwon kaji sun gwada. Sun koma Danmak da fatan gida zai karɓe su, suka tarar an manta da shi, masu zanen zamani sun juya ga wani salo dabam, aikinsa kuma ana ganinsa kayan tsofaffi. Suka sake komawa Kalifoniya. Ba za a ce laifin zamani ne kaɗai ba. Dulac, wanda kasuwa ɗaya ta watse musu tare, ya juya ya yi hotunan bangon mujalla, da kan sarki na gidan waya, da takardun kuɗi, ya ci abinci da su har mutuwarsa a 1953. Nielsen bai iya wannan juyi ba, ko kuwa bai so ba. Hannu ɗaya gare shi, mai kyau ƙwarai, mai nawa, kuma yana bukatar bugu mai tsada kafin kyansa ya fito.

Ya daɗe yana fama da tari. Ya rasu ran 21 ga Yuni, 1957, aka yi masa addu'ar jana'iza a ɗakin ibada na Wong, a ƙarƙashin zanen da ya yi da hannunsa. Ulla ta bi shi a 1958. Kafin ta rasu ta damƙa hotunan Dare Dubu da Ɗaya ga maƙwabtansu kuma abokansu, Frederick Monhoff da matarsa Hildegarde Flanner, marubuciyar waƙoƙi. Monhoff ya nemi gidajen adana zane a Amurka da Danmak su karɓa, ba wanda ya karɓa a lokacin.

Sai a shekarun 1970, da sha'awar tsofaffin littattafan tatsuniya ta dawo, aka waiwaye shi. A 1977 David Larkin ya buga hotunan a littafi mai suna The Unknown Paintings of Kay Nielsen, shekara ashirin bayan mutuwarsa, fiye da hamsin kuma bayan zana su. Ma'aikatan Disney suka zaƙulo zanensa na 'yar ruwa daga ma'ajiyar kamfanin lokacin da suke shirya The Little Mermaid, suka yi amfani da shi, suka sa sunansa a jerin ma'aikatan fim ɗin da ya fito a 1989. Kamfanin Taschen ya sake buga hotuna 21 ɗin nan da cikakken launinsu da zinariyarsu a 2018, gidan adana zane na birnin Boston kuma ya yi nunin aikinsa a 2019.